Bakolori da Binciken da Ba a Saurara Ba

Madatsar ruwan Bakolori ba da ka aka gina ta ba. Tun kafin motocin tono su iso ƙasar Mafara, masana sun zagaya kwarin Gulbin Sakkwato, sun auna ruwa, sun duba ƙasa. A 1969 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoto wanda ya ba da shawarar ƙaramin dam da aikin ban ruwa da za a bi sannu a hankali, ba tare da an birkita yadda mutane ke noma ba. Wannan shawara ce aka ajiye gefe. Bayan fari na farkon shekarun 1970, ga kuɗin man fetur sun cika baitulmali, gwamnatin tarayya ta karkata ga tsarin kamfanin Impresit na Italiya, wato katafaren dam guda ɗaya. An fara aiki a 1974, aka gama a 1978, da bango mai tsawon fiye da kilomita 5 da tafki mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, da niyyar shayar da hekta kusan 23,000 tsakanin Talata Mafara, Bakura da Maradun. Abin da tarihin wurin ke nunawa shi ne, ba a auna amfanin bincike da ingancinsa kaɗai. Sai an tambayi wa aka ƙirga a cikinsa, kuma wa ya ji abin da ya gano.

Lissafin da aka gina aikin a kansa ya ƙirga abin da gonakin ban ruwa za su bayar na alkama da shinkafa, amma bai ƙirga fadama ba. Kafin a tare gulbi, manomin da ke ƙasa da dam ba ya jiran injiniya. Gulbi kan cika da damina ya malale fadama, manomi ya shuka shinkafa a cikin ruwan. Idan ruwa ya janye ya bar laka da danshi, sai ya sa albasa, barkono da dankali, yana ɗebo ruwa da jigo daga rijiyar da ba ta fi gaba biyu ba. Masunta na kama kifi a tafkunan da ambaliya ta bari, Fulani na kawo shanu kiwon rani. Duk wannan arziki bai shiga takarda ba, domin ba ya bi ta ofis. Da aka tare gulbi, ambaliya ta ragu. Masanin labarin ƙasa William Adams, wanda ya bi ƙauyukan kwarin a farkon shekarun 1980, ya nuna cewa dubban hekta na shinkafa da na noman rani sun salwanta, manoma suka koma gero da dawa, waɗanda ba sa kawo kuɗi kamar na da, kifi kuma ya ja baya.

Waɗanda ke cikin filin aikin ma ba su tsira ba. An baje gonaki, an tumɓuke itatuwan ɗorawa da kuka, an hana mutane shuka na wasu damuna ana jiran a gama magudanai, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyi, aiki ya tsaya. Ranar 28 ga Afrilu 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, wasu majiyoyi suka ce sun haura 380. Wannan tazara kanta abin baƙin ciki ce: aikin da aka auna ruwansa dalla-dalla, an kasa daidaita yawan rayukan da ya ci.

Mai kare aikin zai ce yunwa ba ta jiran dogon nazari, kuma ga shinkafar Bakolori nan a kasuwar Talata Mafara, tana ciyar da gidaje masu yawa. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai raina ta. Sai dai na'urorin feshin ruwa da aka shimfiɗa a mafi girman ɓangaren filin sun daina aiki, har a farkon shekarun 2000 abin da ake nomawa bai kai rabin abin da aka tsara ba. Idan za a ɗora ribar sama da dam a sikeli, wajibi ne a ɗora asarar ƙasa da shi a ɗaya gefen, kuma gaggawar da aka fake da ita ita ce ainihin abin da rahoton 1969 ya yi gargaɗi a kai.

Wani kuma zai ce binciken su Adams da Björn Beckman, wanda ya rubuta kan rikicin manoman da hukuma a 1985, ihu ne bayan hari. Ga mutanen Birnin Tudu, haka ne. Amma tasirin bincike yakan ɓullo nesa da inda aka yi shi. Darasin Bakolori ya shiga muhawarar dausayin Haɗejiya da Nguru, inda Edward Barbier da Adams da abokin aikinsu suka lissafa a farkon shekarun 1990 cewa ruwan da ya malala fadama ya fi kawo amfani a kan irinsa da aka karkatar zuwa aikin ban ruwa na Kano. A 1992 Najeriya ta kafa dokar da ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Ba za a ce Bakolori kaɗai ta haifi wannan ba, amma tana cikin hujjojin da suka sa ya yi wuya a ci gaba da ɗaukar fadama a matsayin fili marar amfani.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, wanda ya haɗa da gyaran Bakolori da danƙa kula da ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa. Wannan ya kusanci abin da aka ƙi ji tun farko. Manoman fadamar da ke ƙasa da dam kuwa ba 'yan waɗannan ƙungiyoyi ba ne, alhali yawan ruwan da za a saki da lokacin sakinsa su ke yanke abin da za su shuka.