Bauer a Kwarin Rima: Me Ya Saura Daga Hujjarsa Game da Dillali da Hukumar Sayen Amfanin Gona?

Duk lokacin da farashin albasa ya faɗi a kasuwannin Goronyo da Wurno, sai kiraye-kiraye su sake tasowa cewa a dawo da hukumomin sayen amfanin gona domin a ceci manomi daga hannun dillalai. Masu wannan kira ba jahilai ba ne, kuma suna da madogara a ilimi. Sai dai ina ganin sun yi saurin binne mutumin da ya fi kowa bankaɗo illar waɗannan hukumomi, wato Peter Bauer, wanda aka haifa a Budapest a 1915, ya koyar a Landan, ya rasu a 2002, a shekarar da Cibiyar Cato ta Amurka ta zaɓe shi ya zama na farko da zai karɓi lambar yabo ta Milton Friedman.

Tarihin hukumomin sananne ne: an kafa na gyaɗa da na auduga a 1949, aka mayar da su hannun jihohi uku na lokacin a 1954, gwamnatin Babangida ta rushe su a 1986. Abin da Bauer ya nuna a littafinsa West African Trade (1954) abu biyu ne. Na farko, hukumar da aka ce za ta daidaita farashi ta koma mai karɓar haraji a ɓoye, tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya tana tara rarar. Na biyu, yawan 'yan sari da dillalai ba alamar ɓarna ba ce, domin su ke tara kaɗan-kaɗan daga ƙauyuka, su ba da bashi, su ɗauki kasadar hanya.

Mafi ƙarfin martani ya zo daga Gerald Helleiner (1964), kuma shi ya cancanci a tsaya a kansa. A ganinsa, ƙasar da ba ta da hanyar karɓar harajin samu daga miliyoyin ƙananan manoma dole ta nemi kuɗin raya ƙasa daga wani wuri, kuma rarar hukumomin ita ce mafi sauƙin kamawa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, akwai kuɗin hukumar Arewa a cikinta. Wanda ya ce kuɗin duk sun salwanta bai yi adalci ba.

To amma hujjar Helleiner ta amince da rabin zargin tun kafin ta fara kare kanta: haraji ne. Idan kuwa haraji ne, ya kamata a tambaya wa ya biya, wa ya amfana. Manomin auduga na ƙasar Sakkwato ya biya. Masaƙar tana Kaduna. Kuma haraji ne da ba ya bi ta gaban majalisa kamar sauran, saboda haka sa ido a kansa ya yi wuya. Hukumar binciken Coker ta 1962 ta gano yadda kuɗin hukumar Jihar Yamma suka zurare zuwa wani kamfani mai alaƙa da jam'iyyar Action Group. Da wuya a ce wannan haɗari ne kawai. Tsarin da ke tara dukiyar manoma a hannun 'yan mutane kaɗan shi ke gayyatar irinsa.

A nan ya kamata in taƙaita da'awata. Ba zan ce hukumar ce kaɗai ta rushe dalar gyaɗa ba, domin farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur, duk suna da hannu. Abin da hujja za ta iya ɗauka shi ne kwatanci. Albasa da tafarnuwa, waɗanda fadamun Rima suka yi suna da su, ba su taɓa shiga ƙarƙashin irin waccan hukuma ba. Duk da haka buhun da aka cika a Goronyo yana isa Legas da Anacha, wani ya bi ta Illela ya tsallaka Ƙonni, ta hannun dillalai da fatake waɗanda amana da bashi suka haɗa. Ko shakka babu akwai dillalin da ke cin la'ada fiye da ƙima. Amma manomin da ke da masu saye biyar yana iya juya wa ɗaya baya, wanda kuwa doka ta ɗaure da mai saye guda ba shi da wannan zaɓi.

Masu yabon Bauer ma suna wuce gona da iri idan suka ce kwarin Rima shaida ce ta cewa hukuma ta janye hannunta kwata-kwata. Ruwan noman rani daga madatsar Goronyo yake zuwa, wadda aka kammala a 1984 da kuɗin gwamnati. Yau kuma 'yan bindiga sun fi kowace dokar farashi hana manomin Rabah da Goronyo zuwa gona da kasuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno tun 1837, ya lissafa kula da kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban shugaba a littafinsa Usulus Siyasa, ba saye da sayarwa a madadin talakawa ba.

Hukuncina shi ne Bauer ya yi gaskiya a kan farashi da dillali, kuma abin da aka gani a fadamun Rima bai ƙaryata shi ba. Masu son taimakon manomin kwarin Rima su nema masa tsaro, da hanya, da wurin adana albasa don kada ruɓewa ta tilasta masa sayarwa a kaka, su bar masa 'yancin zaɓen wanda zai sayar wa.