Tattakin Sankarar Mama da Matan Suleja

Tun daga zamanin da Abu Ja ya kafa garinsa na Abuja a 1828, bayan jihadi ya fitar da sarautar Haɓe daga Zazzau, har zuwa kwanakin Sarki Sulaimanu Barau, wanda aka laƙaba wa garin sunansa, ya koma Suleja, sa'ad da hukuma ta ɗauki sunan Abuja ta ba sabon babban birni, ba al'ada ba ce mace ta ambaci lalurar nononta a bainar jama'a, domin alkunya da sitira sun fi ƙarfin zafin ciwo. Idan ƙullutu ya fito, sai ta raɗa wa uwarta ko tsohuwar gida, a jiƙa sassaƙe, a karɓo rubutu wurin malam. Kuma galibin mutane sun yi ittifaƙi a kan cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, watau allura da wuƙar likita suna harzuƙa shi, zancen da ba shi da hujja, amma wanda har yau yake kai mata asibiti a makare, bayan cutar ta riga ta kai hammata.

Shi kuwa tattakin faɗakarwa baƙo ne, kuma asalinsa sananne. A 1983 Nancy Brinker, wadda wannan cuta ta kashe 'yar'uwarta Susan Komen, ta tara mutum wajen 800 a birnin Dallas na Amurka suka yi tsere don tara kuɗi. A 1985 aka keɓe watan Oktoba, daga baya ƙyalle ruwan hoda ya zama alama. A Nijeriya, Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda ita kanta ta warke daga cutar, ta kafa ƙungiyar BRECAN a Ibadan cikin 1997, sannan Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta mayar da tattakin gidauniyar Medicaid abin kowace shekara a Abuja, Dakta Amina Abubakar Bello kuma ta ɗauki sha'anin gwajin mata a Jihar Neja ta hannun gidauniyarta RAiSE.

Da yake Suleja ita ce makwancin dubban ma'aikatan Abuja, ba wuya ka ga mace ta yi sammako bayan asuba, ta wuce Madalla da Dutsen Zuma, ta isa dandalin tattakin a Abuja ta ɗora riga ruwan hoda bisa hijabinta, gorar ruwa a hannu, motar makaɗa na gaba tana amo. Dattawan da ke ƙyamar kiɗan da cakuɗuwar maza da mata suna da abin faɗa, ban musa ba. Illa iyaka fuƙaha'u tun da daɗewa sun halatta wa likita duba al'aura saboda larura, taron dangi don sauke nauyin mutum guda kuwa gayya ce, wadda kakanninmu suka sani a gona.

Abin da ya rage shi ne abin da sawu ba ya yi. Kafin azahar taro ya watse, alhali wadda aka gano ƙullutu a jikinta tana da sauran gwajin tsoka, da tiyata, da allurai masu zubar da gashi, da layin injin gasa ciwon a Asibitin Ƙasa na Abuja, inda marasa lafiya daga jihohi da yawa suke jiran a kira sunansu.