Tarihin Farar Ƙasa ta Ƙanƙara

Tun zamanin kakanni mutanen ƙasar Malumfashi da Funtuwa sun san farar ƙasa. Mata su kan jiƙa ta su shafe ɗaki, musamman na amarya, ko kuwa in Salla ta gabato. Amma ba wanda ya ɗauke ta dukiya, gama hankalin kowa yana kan dawa da auduga.

A ƙasar Sin kuwa, tun da daɗewa ake haƙo irinta a wani dutse, Gaoling, ana yin tangaran da ita. Daga sunan dutsen nan ne Turawa suka sa mata suna kaolin. Sun sha wahalar neman asirin tangaran, sai a 1710 aka kafa ma'aikatarsa a Meissen, ƙasar Jamus. A Ingila wani mai haɗa magani, William Cookworthy, ya sami ƙasar a Cornwall, aka ba shi takardar iznin sana'ar a 1768.

To, ga yadda ake gyara ta. A kan dama ta cikin ruwa, yashi ya kwanta ƙasa, a tsiyaye kunun, a tace, a busar, sa'an nan a niƙa. Wadda za a sa cikin fenti a kan gasa ta da wuta mai tsanani, ta ƙara fari. Wadda za a cuɗa da roba kuwa, sai a lulluɓe ƙwayoyin garin da wani irin maiƙo, domin gari mai son ruwa ba ya gauraya sosai da roba. Da ita ake sa takarda santsi, tana kuma shiga magani.

Allah ya ajiye wannan ƙasa mai yawa a Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi. Masana na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, sun gwada ta, har sun fitar da alam na tace ruwan sha daga cikinta.

Manoman wannan yanki sun ga darasi a kan auduga: injin gurza na Funtuwa da na Malumfashi suka raba ta da gurya, darajarta ta ƙaru. Farar ƙasa ma haka ce. Mai sayar da ita ɗanya ya sayar da arha, ya bar rami a gona da ƙura a huhu, riba kuwa ta tafi wurin mai gyara. Allah ya sa a gane.