WAI INA NA'URAR TOSHE SIGINAR BAM?

Jama'a, duk sanda bam ya tashi da motar sojoji a Borno sai in ga ana wannan tambayar. Bari in ɗan ja mu baya, don abin yana da tarihi.

Ranar 9 ga Satumba 1943 Jamus ta nutsar da jirgin ruwan yaƙin Italiya mai suna Roma da bam ɗin Fritz X, wanda ake tuƙawa daga jirgin sama da siginar rediyo. Sama da mutum 1,000 suka mutu. Amurka da Birtaniya suka ƙera na'urar da ke cika iska da hayaniya, har umarni ya kasa isa ga bam.

Bayan shekara 36, ranar 27 ga Agusta 1979, 'yan IRA suka tayar da bama-bamai biyu daga nesa a Warrenpoint, Arewacin Ayalan, sojojin Birtaniya 18 suka mutu. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, soja ya toshe wannan zango, su koma wancan.

A Iraƙi kuwa, daga 2003, da wayar salula da rimot ɗin mota ake tayar da bam a gefen titi. Amurka ta ɗora wa motocinta na'urar Warlock, daga baya Duke, a 2006 ta kafa hukuma sukutum, JIEDDO, don wannan matsala kaɗai. Na'urar ta ceci rayuka sosai, duk da cewa a farko har rediyon sojojin nasu take toshewa. To sai me? Kiɗa ya canza, rawa ta canza. Maharan suka koma jan doguwar waya daga maɓoya, ko bam mai tashi in an taka. Babu sigina, babu abin toshewa.

Nan nake so mu lura. Da yawa daga bama-baman da ake binnewa a hanyoyin Borno da Yobe irin na takawa ne, ba ruwansu da motar soja ko ta 'yan kasuwa. A sayi na'urar, ban hana ba, amma a haɗa da masu binciken hanya, da amincewar mutanen ƙauye waɗanda suka ga wanda ya yi haƙa da dare.

Allah Ya tsare matafiyanmu da sojojinmu.