Jan ambulan da taurari biyar: yadda hayar fim ta gidan waya ta kafu a Amurka

Ranar 29 ga Satumban 2023 kamfanin Netflix ya aika faifan DVD na ƙarshe ta gidan waya, fim ɗin True Grit na 2010, ya rufe sana'ar da ya shekara 25 yana yi. A lissafinsa, faifai sama da biliyan 5 suka shiga gidajen Amurkawa cikin jan ambulan ɗin nan nasa. Tun daga nan ake ta musu kan abin da ya sa sana'ar ta karɓu har ta kai kamfanin shagunan hayar fim na Blockbuster ƙasa. Yawancin masu musun labarin tarar makara wajen mayar da fim suka riƙe, ni kuwa ban gamsu da shi ba.

Hayar fim ta girmi Netflix nesa ba kusa ba. A 1977 George Atkinson ya fara ba da hayar kaset a Los Angeles, a 1985 aka buɗe Blockbuster a Dallas, kuma wasu ƙananan wurare irin su Facets na Chicago sun riƙa aika kaset ta gidan waya. Sai dai kaset kaya ne mai nauyi da saurin lalacewa, kuɗin aika shi na cinye riba. Fitowar faifan DVD a Amurka a 1997 ce ta sauya lissafin. A shekarar Reed Hastings da Marc Randolph suka sa faifan waƙa a ambulan, suka manna kan sarki, suka aika gidan Hastings a Santa Cruz. Faifan ya isa lafiya lau. A watan Afrilun 1998 suka buɗe Netflix, shago a intanet da finafinai wajen 925.

Hastings ya sha ba da labarin cewa an ci shi tarar dala 40 saboda ya makara mayar da kaset ɗin Apollo 13, kuma haushin abin ne ya haifi Netflix. Randolph, wanda da shi aka kafa kamfanin, ya ce labari ne mai daɗin ji da aka tsara don a sauƙaƙa bayani. Tarihin ma yana bayansa, domin Netflix na farko faifai ɗai-ɗai yake bayarwa haya, da wa'adi, da tara ga wanda ya makara. Sai a Satumban 1999 aka shigo da biyan kuɗin wata-wata, ka riƙe faifai iya son ranka, in ka mayar a aiko maka wani. Wasu kuma suna ɗora komai kan wautar Blockbuster, wanda a 2000 aka yi masa tayin sayen Netflix a kan dala miliyan 50 ya ƙi. Amma Blockbuster ya farga. A 2004 ya buɗe nasa tsarin aika faifai, a 2005 ya soke tara, duk da haka ya durƙushe a 2010. Da tara ce kaɗai matsalar, da soke ta ya cece shi.

Abin da na fi yarda da shi shi ne ra'ayin masu kallo. Kowane mai haya yana da jerin finafinan da yake jira, kuma daga 2000 kamfanin ya riƙa neman ya ba fim ɗin da ya kalla tauraro ɗaya zuwa biyar, in ya ga dama ya rubuta sharhi. Wata manhaja mai suna Cinematch ta riƙa haɗa waɗannan taurari tana cewa, masu ɗanɗano irin naka sun so fim kaza. Wanda ya san shagunan hayar kaset na unguwa zai tuna mai shagon da ya san wane mai son fim ɗin Indiya ne, wane kuma sai fim ɗin faɗa, to aikinsa manhajar ta karɓa. Dalilin kuwa kuɗi ne tsagwaronsa. Sabon fim na da tsada, kowa shi yake so a mako guda, kwafinsa ba ya isa. Tsohon fim yana nan a rumbu, an riga an biya kuɗinsa. Duk wanda taurari suka karkata zuwa ga fim ɗin 1974 ya rage wa kamfanin nauyi, kuma ya gode. Shago mai bango huɗu ba ya iya ajiye finafinai sama da 100,000 kamar yadda rumbunan Netflix suka yi, balle ya san wa zai miƙa wa wanne.

Kamfanin da kansa ya nuna darajar abin a Oktoban 2006, lokacin da ya sa kyautar dala miliyan 1 ga duk wanda ya fi Cinematch iya hasashe da kashi 10 cikin ɗari. Ya saki taurari miliyan 100 na masu haya wajen 480,000, an goge sunayensu. Sai a Satumban 2009 wata tawaga, BellKor's Pragmatic Chaos, ta cinye. A tsakanin nan wasu masu bincike biyu na Jami'ar Texas, Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov, suka kwatanta taurarin da sharhin da mutane ke rubutawa da sunansu a shafin finafinai na IMDb, suka nuna ana iya gano mai su. Ashe finafinan da mutum ya so ko ya ƙi sun isa su tona siyasarsa da addininsa. An kai ƙara kotu, a 2010 aka fasa gasa ta biyu.

Kallo kai tsaye ta intanet ya fara a Netflix a 2007, a 2011 aka ƙara farashi, aka kuma yi yunƙurin ware sashen faifai da sunan Qwikster, masu biya 800,000 suka fice cikin wata uku, aka janye yunƙurin. Amma hanya ta riga ta miƙe. Da faifai a ambulan, kamfanin bai san ka kalla ko ka ajiye shi kan tebur ba sai ka faɗa masa. Ta intanet kuwa yana ganin minti nawa ka yi da inda ka kashe, don haka bakinka ya rage amfani. A 2017 aka maye taurari da babban yatsa sama ko ƙasa, bisa hujjar cewa mutane kan ba fim mai ilmantarwa taurari biyar alhali barkwanci suka fi kallo. Hujjar ba ta cika mini ciki ba, don mutum na iya sanin abu mai kyau ko da ba kullum yake neman sa ba. A 2018 aka share rubutattun sharhin masu kallo baki ɗaya.

Masu son rubutu ba su daina ba, wuri suka sake. Da yawa sun koma shafin Letterboxd, wanda Matthew Buchanan da Karl von Randow suka kafa a Auckland ta New Zealand a 2011, inda taurari biyar ɗin suke nan daram. A watan da aka rufe aika faifai, kamfanin Tiny na Kanada ya sayi kashi 60 cikin ɗari na Letterboxd.