Tarihin haɗa katin sauti da kwamfuta a zamanin DOS

Kwamfutar IBM PC ta 1981 ba ta da murya, in ban da 'yar lasifikar da ke tsuwwa idan an kunna ta. Kiɗa ya samu shiga sosai a 1987, da kamfanin AdLib na Kanada ya fitar da katin sautinsa. Bayan shekara biyu Creative na Singafo ya kawo Sound Blaster, mai yin duk abin da na AdLib ke yi, ga kuma fitar da muryar da aka naɗa. A 1992 AdLib ya durƙushe.

Haɗa katin da kwamfuta kuwa aiki ne mai wahala, kuma wahalar daga DOS ta taso. Wannan babbar manhaja babu ruwanta da sauti, saboda haka kowane wasa shi ke magana da katin kai tsaye, kuma sai an faɗa masa inda zai same shi. Lamba uku ake nema: adireshin katin, galibi 220, layin IRQ, wanda katin ke kiran ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kansa, da tashar DMA, inda sauti ke bi daga ma'adana zuwa kati. Da hannu ake zaɓarsu. Sai mutum ya kwance murfin kwamfutar, ya zaro katin, ya cire wata 'yar hular roba da ba ta kai ƙwayar wake ba daga kan filoli biyu, ya cusa ta kan wasu. Sannan ya rubuta layi irin SET BLASTER=A220 I5 D1 a fayil ɗin AUTOEXEC.BAT.

Katunan farko da IRQ 7 suke zuwa, layin da mashigar firinta ma ke riƙe da shi, shi ya sa daga baya aka koma 5. Alamar kuskure sananniya ce: kiɗa na tashi lafiya lau, don shi ba ya buƙatar IRQ ko DMA, amma da an zo kan murya sai shiru, ko kwamfutar ta daskare. Nauyi ne da bai kamata a ɗora wa mai saye ba.

Tsarin Plug and Play, wanda ya bazu da Windows 95, ya kawar da hulunan, sai dai tsofaffin wasanni ba su san da shi ba, dole a fara kunna wata manhaja ta saita katin. Katunan PCI da suka biyo baya kuwa kwaikwayon Sound Blaster kawai suke yi, kuma ba kowane wasa ke yarda ba.

A ɓangaren Linux, Hannu Savolainen ɗan ƙasar Finland ne ya rubuta direbobin sauti na farko, waɗanda suka zama OSS. A 1998 Jaroslav Kysela ya fara ALSA, wadda ta karɓi ragama a Linux 2.6. Masu son tsofaffin wasannin DOS kuwa yau manhajar DOSBox suke amfani da ita, ita ke tsaya musu a matsayin katin.