Sawaba daga Aljihun Talaka: Kano, 1950 zuwa 1960

Idan aka ambaci shekarun ƙarshe na mulkin Turawa a Arewacin Nijeriya, sunaye uku ne ke fara zuwa baki: Sardauna, Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano. Ba na musun girmansu. Sai dai a ganina, mai son fahimtar abin da ya girgiza Kano a wancan zamani, ya kamata ya fara leƙa aljihun manomin gyaɗa kafin ya dubi hotunan manya.

Manomin nan bai cika ganin Bature ba. Tun da sojojin Lugga suka ci Kano a 1903 aka bar ragamar mulki a hannun sarki, don haka En'e ita ce hukumar da talaka ya sani. Mai unguwa ke zuwa da batun haraji, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Makiyayi na biyan jangali a kan kowace saniya. Wanda ya gaza, ga ɗan doka, ga kotun alƙali, ga gidan yari, duka na En'e. Gyaɗar da ya noma kuwa, hukumar ciniki ce ke yanke mata farashi. A yau muna alfahari da hotunan dalar gyaɗa, amma buhunan sun taru ne domin jirgin ƙasa ya kasa kwashe su zuwa Ikko a kan lokaci, kuma wanda ya cika su da guminsa shi ya fi kowa ƙarancin rabo.

A cikin wannan hali aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Mutum takwas ne suka kafa ta, cikinsu har da Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Ɗambatta da mawaƙi Mudi Sipikin. Malam Aminu ba ya cikin takwas ɗin. Yana koyarwa a Maru a lokacin, sai daga baya ya ajiye aiki, ya kuma zama shugabanta a 1953. Wannan batu yana da muhimmanci a wurina, domin yana nuna cewa wutar ta riga ta kama kafin mai hura ta ya iso. Teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure su ne ƙashin bayanta, kuma da waƙa aka isar musu da saƙo, irin ta Sa'adu Zungur, wanda cuta ta ci ƙarfinsa har ya rasu a 1958 bai ga 'yancin kai ba.

Zaɓen 1951 ya nuna musu girman aikin da ke gabansu. Zaɓe ne hawa-hawa: NEPU ta yi rinjaye a matakan farko a birnin Kano, amma da aka zo matakin ƙarshe, inda En'e ke cusa mutanenta, sai ta tashi a tutar babu. Daga nan gwagwarmayar ta koma titi da kasuwa. Yin lacca ba izini laifi ne, ambaton sarki da abin da ba yabo ba laifi ne, hukuncin kuwa ɗauri ko bulala. Tela da aka ɗaure wata uku ya rasa ɗinkin salla, iyalinsa sun kwana da yunwa, ya fito kuma ya sake halartar taro. Irin wannan taurin kai ne nake kira juyin juya hali, ko da ba a harba bindiga ba.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Gambo Sawaba, haifaffiyar 1933, ta jagoranci reshen mata, ta shiga gidajen kulle tana wa'azin siyasa, aka yi ta ɗaure ta, alhali ita kanta ba ta da ikon jefa ƙuri'a. Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas a zaɓen tarayya na 1959, Turawa suka sauke tutarsu a 1960, amma takardar haraji ta zauna daram a aljihun manomi. Sai a 1979 matan Arewa suka fara zaɓen shugaban ƙasa, kuma a shekarar ce Gwamna Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali a Jihar Kano.